Tayi Ɗaya Ake Yi a Filin Awo

Kakata ce ta rene ni, a gidanmu na gado da ke Agege, bayan layin dogo. Hajiya muke ce mata duk gidan. A Legas aka haife ta, Yarbanci a bakinta kamar ruwa, in tana ciniki a kasuwa sai mai tumatir ta raina kanta. Amma a kan tarbiyya ba ta san wani abu wai shi Legas ba, kuma babbar dokarta ita ce alkunya. In ka je gidan mutane aka yi maka tayin abinci, ko da cikinka na kuka, sai ka ce alhamdu lillahi, ka ƙoshi. A sake tayi, ka sake noƙewa. Sai an matsa maka, an haɗa ka da Allah, sannan ka sa hannu, shi ma kamar ba ka so. Na taɓa karɓar ƙosai a tayin farko a gidan maƙwabta ina 'yar firamare, kunnena na hagu bai manta ba har yau.

Da wannan tarbiyyar na shiga jami'a karatun injiniyan hanyoyi da gine-gine. Shekarar farko lissafi ne da allo, na ci abina lafiya lau, har kaina ya fara girma. A shekara ta biyu muka haɗu da darasin safiyo, wato awon ƙasa. Aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni aka ba shi na'ura ɗaya, wani ɗan madubin hange da ake kafawa a kan ƙafafu uku. Mutum ɗaya zai leƙa, wani kuma ya je can nesa ya riƙe doguwar sanda mai lambobi. Da abin da mai leƙe ya karanta a jikin sandar ake gane inda ƙasa ta yi tudu da inda ta yi kwari.

Shugaban rukuninmu wani dogon Bayarabe ne ɗan Ikorodu, mai yawan fara'a, muna tsokanarsa da Oga. Ranar farko da ya kafa na'urar, ya juyo ya dube ni, ni kaɗai ce mace a cikinsu, ya ce da buroka, “You wan try?” Wato ko ina son in gwada.

Wallahi ina so. Tun da aka buɗe akwatin na'urar hannuna ke ƙaiƙayi. Amma bakina ya riga ni, na sunkuyar da kai na ce, “A'a, ku fara.” Na tsaya ina jiran tayi na biyu. Sai kawai na ji ya ce to, ya juya ya kira na kusa da ni. Ni kuma aka miƙo mini sanda.

Haka muka yi ta yi mako bayan mako. Ya yi tayi sau ɗaya, in noƙe, ya wuce. Daga baya ma ya daina tayin. Ni ce a ƙarshen fili cikin rana, riƙe da sanda kamar mai gadin gona, ana ɗaga mini hannu in matsa dama in matsa hagu. A raina kuwa ba irin zagin da ban yi musu ba: marasa kara, waɗanda ba a koya wa yadda ake tayi ba. Na huce haushina a kan littafi. Na haddace sunan kowane noti a jikin na'urar, na fi kowa maki a gwajin rubutu, alhali ko sau ɗaya ban taɓa kai idona bakin madubinta ba.

Ana saura makonni kaɗan zango ya ƙare, malaminmu, wani dattijo mai furfura da ba ya maimaita magana, ya sanar cewa jarrabawar fili ba ta rukuni ba ce. Kowa shi kaɗai zai buɗe akwati, ya kafa na'ura, ya daidaita ta, ya yi awo a gabansa. Wanda ya faɗi ba zai bi 'yan ajinsa zuwa aikin fili na shekara ta uku ba, sai ya jira wata shekarar. Shekara guda cur za ta tafi, ga 'yan layinmu tun ban san komai ba suke kirana Injiniya.

Ranar Asabar na koma gida na tarar da Hajiya a tsakar gida tana gyaran alayyafo. Na zauna na zayyana mata komai, ina jiran ta taya ni tsine wa rashin tarbiyyar 'ya'yan mutane. Ta ajiye wuƙa, ta ƙare mini kallo, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

“Ke yanzu wannan abin leƙen, na uban yaron ne?”

Na ce, “A'a Hajiya, na makaranta ne.”

“To gidan surukanki kika je, ko makaranta? Alkunya ai a kan abin hannun mutum ake yin ta, kuma da wanda ya san ta. In kin je layin famfo aka ce layi ya zo kanki, cewa kike ku fara? Ke da na ga kin ture ƙato a tashar Oshodi kin shige motar danfo!”

Na ce cikin shagwaɓa, “Ai ke kika koya mini.”

“Na koya miki a kan tuwo. Ban koya miki a kan karatu ba. Oya, tashi ki ba ni wuri, sakarya.”

Na ji haushi ƙwarai, don na so a ce ni aka zalunta. Amma tun kafin in kai bakin titi na san ta fi ni gaskiya.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa ɗakin ajiyar kaya, na sa hannu na karɓi akwatin da kaina. Da Oga ya iso ya miƙo hannu zai karɓa, na ƙanƙame abina na ce masa da Yarbanci yau ni zan kafa. Ya yi mamaki, sannan ya fayyace mini abin da ke ransa. Ashe shi duk zaton da yake yi ba na so ne. Ya ga hijabi, ya ga ina sunkuyar da kai, sai ya ɗauka ba na son cuɗanya da maza a gindin na'ura, kuma a ganinsa sake tambayata takura ce. Ni ina can ina zaginsa da rashin kara, shi yana nan yana ganin mutunta ni yake yi. Muka yi dariya har muka gaji, sannan ya ɗauki sanda ya nufi ƙarshen fili.

Kada wani ya zaci daga nan komai ya tafi daidai. A jikin na'urar akwai wani ɗan kumfa a cikin gilashi, sai ya zauna a tsakiya cif sannan awo zai yi kyau. A littafi layi biyu ne bayaninsa. A fili kuwa, in na murɗa wannan noti ya gudu gabas, in na murɗa wancan ya gudu yamma. Da ƙyar na kama shi, sai gefen hijabina ya ja ƙafar na'urar ɗaya, komai ya rushe. Samarin suka yi ta sheƙa dariya, ni kuma na ɗaure hijabin a ƙugu na sake farawa. Na yi tambaya har sai da suka fara guduna. Kullum bayan lakca ina fili, yatsuna suka koyi abin da kaina ya daɗe da haddacewa.

Shi ya sa duk ƙanen da ya zo mini yau da takardar shiga karatun kimiyya ko injiniya, ba na fara masa da zancen raba dare ana karatu, wannan kowa zai gaya masa. Cewa nake, duk abin da aka ajiye a ɗakin gwaji domin kai aka ajiye shi, ka taɓa shi tun makon farko. Ka lalata, a yi maka dariya, ka gyara. In ba ka gane ba ka faɗa da ƙarfi tun malami bai goge allo ba. Kawaicinka kuma ka adana shi, yana da wurinsa, za ka same shi in ka koma gida.

Ranar jarrabawa aka wayi gari da ruwan sama, fili ya yi laushi. Wanda ya riga ni ya daidaita na'urarsa tsaf, yana cikin awo ƙafarta ɗaya ta nutse a laka bai lura ba, malam ya girgiza kai kawai. Da aka kira ni, na ware ƙafafun na'urar, na bi su ɗaya bayan ɗaya na taka da dukkan nauyina har suka kama ƙasa. Na yi bismilla na kama notin. Kumfan ya yi ɗan yawonsa, ya dawo tsakiya ya zauna. Na leƙa, ga sanda can a hannun wani ɗan ajinmu ta ɗan karkace. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ya miƙe ta ba, da muryar da ko a gida ba a san ni da ita ba. Na karanta, na rubuta, na matsa gaba, na zagayo har inda na fara, lissafina ya rufe daidai, awon ƙarshe ya dace da na farko.

Malam ya sunkuya ya leƙa da kansa. Ya duba kumfan, ya duba takardata, ya sake leƙawa. Sannan ya ɗago ya ce, “Kin ci. Kira na gaba.”

Ban kira kowa ba. A tsakiyar filin nan, takalmana duk laka, a gaban malam da samari masu jiran layi, na kama hanci na rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji daga farkon layinmu har ƙarshensa. Dattijon ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya rubuta makina da ɗaya hannun, yana murmushi.