Yari da Ɗan Taguwar Buzu

Ina cikin rumfar albasata a Gehuru, ina tsince waɗanda suka fara ruɓewa, sai waya ta yi ƙara. Hindu ce, matar Yari. Ta ce, "Malam Surajo, abokinka ya cika." Na zauna a ƙasa da albasa a hannuna. Na yi salati, na yi kuka har na gode Allah, can kuma na ji murmushi ya kufce mini, don Yari ba mutumin da ake tunawa da fuska a murtuke ba ne.

Ɗan Aliero ne, daga gidan masu ɗori. Kakansa yakan ba su labarin zamanin da ayarin raƙuma ke gangarowa daga arewa da kanwa da gishiri, su koma da gero da gabu, wato busasshen ganyen albasa, duk wanda ya karye a hanya kuma gidansu ake kawo shi. Yari ya gaji hannun. Manomin albasa ne kamar kowa, amma in aka kawo mai karaya, ko yana tsakiyar ban ruwa zai watsar ya rugo. A kasuwar Jega muka san juna muna samari, kuma tun ranar da ya ga na runtse ido yana jan ƙafar wani, ya raɗa mini Sarkin Tsoro.

Bana da bazara muna kasuwar Jega, ɗan taguwar wani Buzu ya zurma rami, ƙafarsa ta gaba ta karye. Uwar na ta ruri tana fizgar igiya. Kafin ka ce kwabo mahauta sun kewaye shi, don kowa ya san raƙumi in ya karye sai wuƙa. Buzun ya tsuguna ya ja rawani ya rufe fuska.

Yari ya ratsa taron. "Ku dakata. Wanga yaro ne, ƙashi nai ɗanye ne."

Wani mahauci ya ce, "Yari, ka ƙare da mutane ka koma ga raƙumma? Gobe sai mu ji ka ɗora ma kifi."

"Kawo shi da ƙafa ka gani." Yari ke nan, sannan ya juyo wurina. "Sarkin Tsoro, taho riƙe kai. Rufe ido in ka so."

Na riƙe, ɗan banzan ya fesa mini kumfa a fuska, kasuwa ta ɗauki dariya. Yari ya yi bisimilla, ya laluba, ya ja, muka ji ƙas. Ya shafa man shanu, ya jera sandunan gora, ya naɗe da igiyar kaba. Buzun dole ya bi ayarinsu kafin ruwa ya sauka, sai ya kama hannun Yari ya ce ya bar masa amana. A bayan a-kori-kura muka kai shi Aliero, wuyansa a waje, 'yan kabu-kabu a kan babura na biye da mu suna ta hon kamar an ɗauko amarya.

Daga ranar Yari ba shi da wata magana. Har Mungadi yake zuwa wurin Fulani neman madara. Hindu ta ce baƙon ya cinye mata zogale ya fara zana, Yari ya ce marar lafiya ba a yi masa rowa. Mahauta kuwa in sun gan shi a Jega sai su tambaya, "Yaushe za mu taho da wuƙa?"

Da damina ta kama, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Makon jiya ya aiko in zo, ranar kwance ɗori ce. Na same shi a tabarma gindin darbejiya, ya rame, idonsa na ƙyalli. Hannunsa ba ƙarfi, ni ya sa na warware igiyar, yana ta faɗa mini in bi a hankali.

Maƙwabta sun cika gidan. Ɗan taguwar ya ɗaga baya, ya tsaya a gwiwa yana rawa. Ya miƙa ƙafa mai lafiya. Sannan ya dafa ɗayar, ya jinjina, ya miƙe tsaye. Ya taka, ya sake takawa, ya nufi sauran zogalen Hindu. Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa ban san lokacin da na rungume Yari ba. Yana dariya yana tari, hawaye na zuba.

Na ce, "To mutumina, shi ya tashi. Saura kai."

Ya ce, "Kauce ka tare min. Bari in ƙare kallon tashi nai tukuna."