Kalangun Tanko a Aljihun Mahauta

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Tanko mai kalangu makwancinsa a Agege, amma har yau, duk safiyar Alhamis, shi ke tashe ni daga kan benci.

Tare muka sauka Legas a bayan motar shanu, ni da wuƙar fawa, shi da kalangu a hammata. Ya san taken gidan kowane mahauci, kuma a sana'armu duk wanda ya ji taken ubansa bai miƙe ba, ya zubar da girman gidansu. Abu ɗaya Tanko ya tsana, wato waya. Da ya ga an ɗaga ta sai ya daina kiɗa. "Oga, kiɗa na kunne ne, ba na aljihu ba," in ji shi. Mu kuwa ba ma jin magana, a ɓoye muke ɗauka.

Bara lambatun bayan mayankarmu ya toshe da jini da kashin shanu, ruwan damina ya kwashi ƙazantar ya shigar wa maƙwabta har ɗaka. Duba-gari suka ba mu wata guda: ko mu yashe, ko a rufe ɓangarenmu. Sau uku Sarkin Fawa yana kiran gayya, mu shida muke fitowa. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, don tuwon gidana daga nan yake fitowa.

Sai ga Rabi, 'yar Tanko, wadda ke haɗa sauti a kwamfuta. Ita da abokan aikinta suka bi gida-gida har Abule Egba, suna roƙon tsofaffin wayoyin da muka ɗauki kiɗan ubanta da su. Matanmu suka zazzage akwatuna. Da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ta tace hayaniyar motocin danfo da ta janareta, kiɗan ya fito tas. Mu tsofaffi muka zauna muna faɗa mata wannan taken gidan wane ne. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ranar Alhamis da aka sake kiran gayya, Rabi ta tura wa kowa taken ubansa a waya. Na ga ƙaton da bai taɓa riƙe shebur ba ya tsunduma cikin lambatu yana share hawaye. Kafin azahar ruwa na gudu, maƙwabtanmu Yarbawa na miƙo mana ruwan sha. Duba-gari suka zo, suka duba, suka tafi. Ba a rufe ba! Tun daga ranar, duk Alhamis kiɗan Tanko ke fito da mu gayya.

Da Tanko zai ga kalangunsa a aljihun kowa, na san sai ya yi mita, sannan ya tambaya ko mutane sun miƙe. Sun miƙe, abokina. Ba ka bar gida ko fili ba, fatar kalangun ma ta tsage. Amma gobe Alhamis, kuma ni da ciwon gwiwata tun yau na jingine shebur a bakin ƙofa.