Dattijo Mai Karan Awon Lungu

Tun safe yake zaune a bencin wani ofishin tsara gari a Funtua, dattijo ne siriri, hularsa ta koɗe, faso ya tsattsaga masa dugadugai. Kowa da takardar fili ya zo, shi kuwa karan dawa ne a kan cinyarsa, ya riƙe gam. Sa'adatu mai karɓar takardu tana satar kallonsa. A ganinta manomi ne da gari ya cinye gonarsa.

A bango an manna sabuwar doka: kowace unguwa a bar hanyar ƙafa, a yanka ƙananan filaye don talaka. Ko kallonta ba ya yi, da alama a rediyo ya ji.

Da mutane suka ragu sai ya matso, ya ɗora karan a teburinta.

"'Yata, wannan faɗin makara ne haɗe da kafaɗun masu ɗauka. Lungunmu kowa ya turo katangarsa, yanzu karan nan ba ya wucewa. Bara ta kan katanga muka miƙa gawar mai ɗakina. Ba na so ni ma a miƙa ni haka."

"Baba, dokar ta sababbin unguwanni ce."

"To, mu na tsohuwar unguwa fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta san sababbin filayen ma dillalai sun riga sun saye su.

Ya ɗauki karansa, ya yi godiya har sau biyu. A bakin ƙofa ya tsaya, ya gicciya karan ya gwada. Ƙofar ofis ma ta fi lungunsu faɗi.