Zanen da Baba Bakoji Ya Ajiye a Yumɓu

Daga Allah muke, gare Shi kuma Baba Bakoji Maƙeri ya riga mu komawa ranar Laraba, 21 ga Mayu, 2025, da hantsi, a gidansa da ke Birnin Gwari, bayan jinyar kwana tara. Ɗansa Abdulkahar ne ya kira ni ina shagona a Kaduna, ina tsaka da haɗa wa wata amarya 'yan kunne. Na ajiye aikin, ban iya sake ɗaukarsa ba sai bayan mako biyu.

Baba, kowa ya san kai maƙerin fari ne, na azurfa da tagulla. Fiye da shekara hamsin kana gaban wuta, kuma da wuya a sami gida a unguwarmu da babu aikin hannunka a cikinsa. Amma abin da nake so a sani game da kai wata ɗabi'a ce da ta sha haɗa ka da masu kawo aiki, har da ni.

Ba ka taɓa narka tsohon abu a ranar da aka kawo shi ba. Mace ta kawo munduwa a sake mata ta yayi, sai ka ɗebo yumɓu ka lailaya shi kamar waina, ka danna zanen munduwar a kai, ka shanya, ka gasa a bakin wuta. Sai zanen ya fito sarai kafin azurfar ta shiga kasko. Kwana uku ke nan, ko da kuwa gobe ne bikin. Cewa kake kowane ƙauye da nasa hannun: wani layi uku da ɗigo, wani ganyen ɗorawa, wani saƙa irin ta faifai. Biyu kake dannawa, ka ajiye ɗaya, ka ba mai kayan ɗaya ta ƙulle a bakin zane.

Shekara shida da suka wuce na gama karatun zane a Zariya, kaina cike da sarƙoƙin Dubai da nake gani a waya. Na kawo maka munduwar mahaifiyata Lailatu, Allah Ya jiƙan ta, na ce a narka, ina so in yi sarƙata ta farko da ita. Ka daɗe kana juya ta a hannu.

"Bushira, kin tabbata?"

"Baba, ai tsohon yayi ne."

"To, gata ki dawo."

Na fita ina ƙunƙuni. Da na dawo ka miƙo mini azurfata, ka haɗo da nawa yumɓun. Na yi dariya na ce me zan yi da ƙasa. Sai ka mayar da shi cikin ƙwarya. Wannan sarƙa ce ta buɗe mini kasuwa, ba zan yi ƙarya ba. Amma yau babu abin da ke ba ni kunya kamar waccan dariyar.

Da rashin zaman lafiya ya taso mutane daga ƙauyukan bakin daji, mata suka riƙa zuwa maka da abin da suka tsira da shi a wuya da hannu, suna sayarwa don a ci abinci. Na ga yadda kake zaunar da su, ka sa Inna Ma'u, mai ɗakinka, ta kawo kunu, sannan ka tambayi sunan garinsu da sunan wadda ta fara saka abin. Ba ka rubutawa. Kowane ƙauye da ƙwaryarsa a zaurenka, kowace ƙwarya kuma a jikin bangon da ke fuskantar garinta. Wasu garuruwan yau babu kowa a cikinsu.

Bara masu sayen kayana suka fara neman na gargajiya. Ni da na ce tsohon yayi, na kira ka ina roƙon a ɗauko mini hotunan yumɓun. Na ji kana dariya har da tari. Ka ce, "Hoto ba ya faɗin sunan gari. Ki zo da biro da littafi, ki zauna in gaya miki, tun ina iyawa." Na ce bayan Sallah. Bayan Sallah na ce hanya ba ta da kyau, wanda gaskiya ne. Da hanya ta yi sauƙi na ce aiki ya yi mini yawa. Sau uku kana aiko mini.

Na iso washegarin rasuwarka, na tarar an share zaure tas an shimfiɗa tabarmi don zaman makoki. Maƙwabta ne suka yi, da zuciya ɗaya. Sun juye yumɓun duka a buhu biyu, sun wanke ƙoran ana ba baƙi ruwa da su. Ban ga laifin kowa ba, domin a idonsu tarkacen maƙera ne. Inna Ma'u ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, hankalina ba ya jikina, da na hana."

Ranar addu'ar bakwai na zazzage buhunan a tabarma a tsakar gida, ba don ina da wata dabara ba. Mama Alice, wata dattijuwa daga wani ƙauye bayan Dogon Dawa da ta zo gaisuwa, ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. Ta ce, "Wannan namu ne. Na uwar mijina ne, ga inda munduwar ta lotse da ta faɗi a rafi." Sai ta fashe da kuka. Mata suka matso, Musulmi da Kirista, kowace na tonawa tana kiran sunan garinsu, wasu da Hausa wasu da Gbagyi, ni kuma ina rubutawa a littafi. Kafin la'asar mun gane arba'in da ɗaya cikin kusan ɗari uku.

Na juya kowane ɗaya sau biyu, Baba. Ban gane na mahaifiyata ba. Shekara ashirin ina ganin munduwar nan a hannunta, ashe ban taɓa kallon ta ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya makwancinka fiye da yadda wutar maƙera ta gasa ka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Ma'u, da Abdulkahar da 'yan uwansa, da maƙeran Birnin Gwari baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Yumɓun suna nan a wurin Inna Ma'u, da littafin. Duk wadda ta taɓa kai wa Baba abu ya narka, don Allah ta je ta duba ta faɗi sunan garinsu. Idan kuma akwai wadda ta san Lailatu mai daddawa, 'yar wajen Kutemeshi, ta kuma tuna munduwar da ke hannunta na hagu, ina roƙon ta ta zo ta nuna mini.