Zanen Biro a Bayan Riga

Mai Guga ake ce mata a layin, don ba wanda harshensa ya iya juya sunanta. Aure ne ya kawo ta ƙasar. Mijin direban babbar mota ne, titi ya fi gida ganinsa, ya bar ta da ɗan shagon wanki da 'ya tilo mai kamannin uba da lafazin uwa, ga shi ta fara zama budurwa.

Yaren mutanen bai wuce na ciniki a bakinta ba: kawo, karɓi, sai gobe. Amma tabo kam, ko na mene ne, in ya shiga hannunta ya gama yawo. Da wannan take tunƙaho.

Shi ya sa da rigar makarantar yarinyar ta fara dawowa da zanen biro a baya, sai ta hau faɗa, wai ƙazanta ce da sakarci. Ta jiƙa, ta cuɗa, ta goge, riga ta koma fes. Ko sau ɗaya bai faɗo mata ba cewa mutum ba ya iya rubutu a gadon bayansa. Yarinya ta rage ci, ta rage magana, kullum da safe ciwon kai. Uwar ta rasa wa za ta tambaya. Tata uwar na can nesa, dangin miji kuwa gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Sai ranar da yarinyar ta ce ita da makaranta har abada, sannan gaskiya ta fito. 'Yan ajinsu ne ke rubuta mata ta koma inda uwarta ta fito.

Ran Mai Guga ya ɓaci. Ta kwashi rigunan a leda, ta tasa 'yar a gaba har ofishin shugabar makaranta, 'yar ce ma tafinta. Shugabar ta saurara, ta ce ba a hukunta yara da an ce ka ce, a nuna mata rubutun. Mai Guga ta zazzage leda a kan tebur. Riguna farare tas, a ninke, har da karin guga.

Ba ta jira fassarar kallon da shugabar ta yi musu ba. Ta ce da 'yar ta faɗa wa matar nan ai ita da idonta ta gani.

Yarinyar ba ta fassara ba. A hankali ta ce, "Inna, ai kin wanke su duka."