Mu'allim Rabe Ya Sauko daga Rufi

Kafin rana ta leƙo ta kan duwatsun Makka, Mu'allim Rabe ya riga ya idar da sallar asuba a masallacin layinsu na Ka'akiyya, ya shanye shayinsa a tsaye, ya jefa jakar kayan aiki a bayan tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Ban taɓa ganin ya sha shayi a zaune ba. Matarsa ta yi mita har ta gaji ta bari. Sauri yake yi ya hau rufi tun ƙarfe bai ɗau zafi ba, domin idan hantsi ya yi a garin nan, murfin inji sai ya ɗaye maka fatar hannu. Haka ya yi shekara talatin da wani abu, daga rufin wannan otal zuwa na wancan, a Kudai da Rusaifa da duk inda aka kira shi. A watan nan ya ajiye aiki. Gwiwoyinsa ne suka ce sun gaji da tsani, ba shi ba.

Wanda ya sauka a manyan otal-otal na alhazai ya san tagoginsu ba a buɗewa. To ta ina iska take shiga? Ta rufi. A can sama akwai wani akwatin ƙarfe mai girman ƙaramin shago. A cikinsa fanka ɗaya tana zuƙo gurɓatacciyar iskar da jama'a suka fitar ta watsar waje, wata kuma tana janyo sabuwa ta tura ƙasa. A tsakaninsu akwai wani faifai mai ƙananan huji kamar rariya, yana juyawa a hankali, yana ƙwace sanyin iskar da za ta fita ya ba wa mai shigowa, don kada wahalar na'urorin sanyi ta tafi a banza. Har da ɓangaren ɗumama iska a ciki. Na taɓa yi masa dariya a kan wannan, na ce wane mai hankali ne zai sayi abin ɗumi a Makka? Ya ce, "Ka zo da asubar watan Janairu ka ga tsohuwa ta fito daga wanka tana karkarwa, sannan ka sake tambayata." Waɗannan injina su Mu'allim Rabe yake kafawa, su yake wankewa, ya canza musu bel ɗin fanka da matatar ƙura, ya kara kunne a jikinsu ya ji ko wani abu ya fara kuka.

Ni sunana Uzair, direban motar zannuwa ne a wani otal a Kudai. A nan aka haife ni, kakanninmu suka zo Hajji daga Sakkwato da ƙafa, Allah bai nufe su da komawa ba. Ba don ina son inji nake wannan rubutu ba. Yayata Zubaidatu ce dalili. Tana aiki a ɗakin wanki da guga na otal ɗinmu, can ƙarƙashin ƙasa, inda babu taga ko ta leƙen mage. Tururi, ƙaurin sabulu, zafin injin guga, ga ta kuma da ciwon asma tun tana yarinya. Duk numfashin da take ja a wurin nan, daga safe har yamma, ta cikin akwatin da ke kan rufi yake saukowa. Idan ya tsaya, sauran mata za su yi ciwon kai. Ita kuwa ƙirjinta ne zai rufe.

A kwanakin Hajjin 2016 ya tsaya, kuma babu wanda ya sani. Fitila tana ci, injinan wanki suna juyi, sai dai matan suka fara cewa wurin ya yi nauyi. Aka ce ai lokacin Hajji ne, aiki ne ya yi yawa. Yaya Zubaidatu ta riƙa dawowa gida tana jan numfashi kamar ana busa tsohuwar sarewa, abin shaƙarta ba ya barin tafin hannunta. Ran nan da safe na shiga ɗaukar zannuwa na tarar da ita zaune a ƙasa, ta jingina da kwandon tawul, leɓɓanta sun yi duhu, wata mata tana yi mata fifita da kwali.

Manajanmu, Ustaz Ayman, ya kira Mu'allim Rabe. Da ya iso bai nufi rufi ba, ƙasa ya fara sauka. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin wankin ya yi sallama, ya ɗaga hannu zuwa ragar da iska take fitowa, ya riƙe shi a wurin na ɗan lokaci.

"Ustaz Ayman, fitar da bayin Allah nan yanzu," in ji shi.

"Ya Mu'allim, otal cike yake, zannuwa sun taru har..."

"Kalas, magana ta ƙare. A fitar da su tukuna, sannan mu yi maganar zani."

Aka kwashe matan zuwa ɗakin sallar ma'aikata a hawa na farko. Ni kuma na ɗauki jakarsa na bi shi sama, don na kasa zama.

A kan rufin muka sami Salihu mai gadi, dattijo mai yawan tasbihi, tsaye kusa da injin yana murza hularsa. Tun kafin a tambaye shi ya ce shi ya kashe. Ya ja mu zuwa bakin da injin yake shaƙar iska, wata rumfa ta ƙarfe da ragarta ta yi tsatsa ta ɓule a gefe. A ciki, kan wani ɗan dakali, tattabara ta yi sheƙa, ga 'ya'yanta biyu ko gashi ba su gama ba.

"Na ga iska tana jan ɗaya zuwa ciki," in ji Salihu. "Tsuntsun Harami ne, Mu'allim. In ya mutu ina kallo, me zan ce wa Allah? Na ce bari in kashe har su yi fiffike. Wallahi na ɗauka na'urar sanyi kawai ta ishe su a ƙasa."

Wanda bai zauna a Makka ba zai ce wannan wauta ce. Amma mu nan tun muna yara ake ja mana kunne: tattabarar Harami ba a kamata, ba a jifanta, ko korarta ba a yi. Yaro zai ci duka a kan ƙwai ɗaya. Salihu bai yi don mugunta ba. Ni dai a ranar ban ga wannan ba, yayata kawai nake gani a jikin kwandon tawul. Na ɗauki wani kwali na ce zan kwashe sheƙar in ajiye can gefe a kunna inji.

Mu'allim Rabe ya riƙe mini hannu. "In ka ɗauke su uwar ba za ta bi su ba. Kafin azahar ranar nan ta gasa su."

Na ce, "Ya Ammi, Baffa, ran mutum fa ake magana! Ai lalura ce, ko malamai sun yarda."

"Na sani, ya waladi, ɗana. Da yayarka tana ƙasa har yanzu, da ni da kaina zan kwashe. Amma an fitar da ita, ko ba a fitar ba? To ba ni wunin nan."

Abin da ya yi shi ne, ya buɗe injin ta ciki, ya zura faifan ƙarfe a bayan sheƙar ya toshe tsohon bakin, rumfar ta zama ɗakin tattabara kawai. Sannan ya kwance murfin gefe, wanda ya ba wa hayaƙin kicin baya, don a nan zai fasa sabon baki. Yana da injin yanka ƙarfe a mota, da shi aikin ba zai wuce shan shayi ba. Ya ƙi ɗaukowa, wai ƙararsa za ta firgita uwar ta gudu. Muka ɗauki murfin ni da Salihu zuwa ƙarshen rufi, Mu'allim ya durƙusa a kai da almakashin ƙarfe, yana ci kaɗan-kaɗan da ƙarfin damtse.

Ban taɓa ganin wuni mai tsawon wannan ba. Rana ta tsaya a tsakar ka. Ƙarfen ya yi zafin da sai da tsumma ake taɓa shi, shi kuwa tsumman yana hana shi riƙo, ya cire ya jefar. Wayar Ustaz Ayman ba ta huta ba, alhazai sun dawo daga Harami babu tawul. Ni ina sauka in duba Yaya, in hau in duba shi, in sake sauka. Ta ɗan farfaɗo, har ta fara cewa bari ta koma ta rage guga kada aiki ya yi wa 'yan uwanta yawa, sai da na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na koma sama na tarar da jini yana bin yatsunsa, ya goge a wando ya ci gaba. Na tsaya a kansa ina huci. Bai ɗago ba, ya ce, "In tsayuwa za ka yi, tsaya ta nan ka yi mini inuwa."

Bayan la'asar ya ɗaura sabuwar rumfa da sabuwar raga, ya wanke matatun da audugar zannuwa ta toshe, ya danna makunni. Faifan ya fara juyawa. Tattabarar ta ɗan miƙa wuya ta dube mu, ta koma ta kwanta kan 'ya'yanta. Salihu ya zauna dirshan a kan siminti mai zafi yana kuka. Mu'allim Rabe ya hana a mayar da matan sai da iska ta wanke ɗakin, shi da kansa ya sauka ya zauna a ciki har ya gamsu. Ya kuma tsaya wa Salihu a gaban manaja, ya ce laifin ragar da ta ruɓe ne, kuma duba raga aikinsa ne shi Rabe, ba na mai gadi ba.

Zan faɗi gaskiya, har yau idan na tuna wunin nan raina yana tashi. Ban sani ba ko da ni ne zan iya jira. Abin da na sani shi ne washegari Yaya ta koma bakin aikinta ta dawo gida tana hira, kuma daga ranar har ya ajiye aiki injin nan bai sake tsayawa tana ƙasa ba. Ko ba ranar zuwansa ba ce sai ka ga motarsa a gindin otal, wai hanya ce ta biyo da shi. Wace hanya ce take bi ta kan rufi?

Mu'allim, kai ne wanda alhazai suka shaƙi aikinsa suka koma ƙasashensu ba su san sunansa ba. Kai ne ka yi Hajji bayan Hajji a kan rufi, kana jiyo talbiyya daga nesa, hannunka cikin man inji. Abokin rana, mai kunnen jin kukan ƙarfe. Mutanen Rusaifa sun ba ni labarin asibitin haƙori da ka hau wa ranar Idi da sabuwar riga. Wani mai gidan abinci ya ce ka taɓa dawowa daga hanyar Jidda saboda ka tuna wata ƙusa da ba ka gamsu da ɗaurinta ba. Na yarda, don na ga irinta da idona. Ba ka da haƙuri da mutane sosai, wannan kowa ya sani, kuma ba za ka ji daɗin wannan rubutu ba. Ka yi haƙuri ka bari a karanta maka.

Makon jiya aka yi masa walima a gidansa. An zuba shinkafa da rago, ana ta addu'a, shi kuwa yana zaune a gefen tabarma yana jijjiga ƙafa, idonsa a kan na'urar sanyin falon da take ɗan ƙara. Yaya Zubaidatu ta zo tare da matan ɗakin wanki. Shekarun nan duka, ban da sallamar da ya yi musu a bakin ƙofa, magana ba ta taɓa haɗa su ba. Ta tsaya a bayan labule ta gaishe shi, ta yi masa addu'a mai tsawo, ya amsa kansa a sunkuye. Sai ta ce, "Baba, to wa ka bar mana a sama?"

Kamfani zai turo wani, haka aka ce, kuma mai yiwuwa mutumin kirki ne. Amma a cikin 'ya'yanmu da aka haifa a unguwannin nan babu ko ɗaya da ya yarda ya bi shi ya koya. Kowa ofis yake so, mai sanyi, ba ya tambayar daga ina iskar take zuwa.

Mun gode, Mu'allim Rabe. Allah ya ba gwiwoyinka lafiya, ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya wa baƙinsa. Ku kuma samarinmu na Ka'akiyya da Rusaifa da Kudai, mutumin nan yana da rai, yana gida, zaman ya ishe shi, kuma abin da ke kansa bai rubuta a ko'ina ba. Ku je ku buga masa ƙofa tun yana iya nuna muku da hannunsa. Ba don lada kawai nake roƙonku ba. Gobe da safe zan sauke yayata a ƙofar otal, ta bi matakala ta gangara ƙarƙashin ƙasa, kuma ban san wanda ke kan rufin ba.