Hajiya Kabira da Gashin da Ba a Wankewa

Duk wanda ya taɓa neman daddawa ko kuka a layin Mansur da ke Makka ya san Hajiya Kabira, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce 'yar siririyar tsohuwar nan mai zama a kan kwali biyu, don a ganinta kwali ɗaya ba ya tare ƙazantar titi. Bakatsiniya ce, daga wani ƙauye a gefen Kankiya. Ta zo aikin Hajji shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, jirgi ya tashi da abokan tafiyarta, ita kuwa ta ce bari ta ƙara ɗawafi ɗaya. Har yau ba ta gama shi ba. Iƙama kuma, takardar izinin zama, sai dai ta gan ta a hannun wasu.

Allah Ya yi ta da ƙyanƙyami. Butarta ba mai taɓawa. In ka yi atishawa kusa da farantinta, ranar ta tashi kasuwa ke nan. Matan layi kan ce da ruwa na wankuwa, da sai Kabira ta wanke shi kafin ta sha.

To, wata safiya aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidan da take haya a unguwar Tandabawi. Izala, wato rusau. Kafin wata ya zagayo, ɗakin da ta yi shekara ashirin tana gogewa ya zama tulin ƙasa. Ta koma barandar ƙawarta Maryama, inda kyanwoyin unguwa ke raba tabarma da ita, mai gidan kuma ya ce wata ɗaya ya ba ta, ba ƙari.

A cikin watan ne Majid ya neme ta. Shi haihuwar unguwar Utaibiyya ne, kakanninsa ne suka zo daga ƙasar Hausa, yana da takardu da aiki da tumbi. Yana kuma da wata 'yar gona a hanyar garin Jumum, mai dawakai huɗu da wasu dabbobi huɗu da ya sayo daga nesa, wai su alfaka. 'Yarsa Lujain ce ta matsa aka sayo su. Tana saƙa da ƙoshiya, tana sayar da huluna da mayafai ta waya, kuma ta ƙudurta sai ta yi da zaren gonarsu. An yi wa dabbobin aski, gashi ya cika buhu huɗu, sai aka rasa mai kaɗi. Nan ne mahaifiyar Majid, wadda ta daɗe tana sayen daddawa gun Kabira, ta tuna tsohuwar ta taɓa nuna mata mazarinta da ta zo da shi daga gida, naɗe a cikin tsumma.

"Khala, akwai ɗaki a mazra'a, can gonar tawa, da banɗakinsa," in ji Majid, yana kiranta inna da Larabci. "In kin fitar mana da zare cikin sati biyu, ɗakin naki ne."

"Zare?" Kabira ta taɓe baki. "Ɗan nan, tun kafin a yi wa uwarka kitson fari nake kaɗa arafiyar da za ta bi ta kafar allura."

Wannan gaskiya ta faɗa. Abin da ba ta tambaya ba shi ne, zaren me.

Wanda ya tarbe ta a gonar wani dattijo ne mai suna Hafizu, shi ke kula da dawakai. Tana ganin tsagen fuskarsa ta san ta haɗu da Bagobiri, shi ma yana jin harshenta ya washe baki.

"Af, Majid ya sawo man baiwa," ya ce. "Aje kayanki ki ɗebo man ruwa, Bakatsina."

"Da ganin wuyan rigarka na san ba ruwa ne ya dame ka ba. Rabonka da shi tun na zanen suna."

Ya zagaya da ita. Dawakan ba ta ce komai a kansu ba, doki dai doki ne, ko kashinsa an san irinsa. Sai ya buɗe ƙofar wani dogon ɗaki, sanyi ya dake ta a fuska. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, har biyu ke aiki a ciki. Ita da ta shekara talatin tana kwana da fanka mai kukan tsohon keke, ga dabbobi ana hura musu sanyi kamar baƙin otal, don wai zafin Makka na iya kashe su. Suka miƙo wuya suna kallonta. Raƙumi ba raƙumi ba, tunkiya ba tunkiya ba, an aske su tas an bar musu tukku a ka kamar 'yan gayu. A kusurwa kuma ga uku sun yi layi a kan tudun kashi guda, kowa na jiran na gaba ya gama, sai ka ce banɗakin Mina ranar jifa.

Ta huɗun, wata baƙa da Lujain ta sa wa suna Sukkar, ta tako har gaban Kabira. Ta kwantar da kunnuwa, ta ɗaga haɓa, wani abu ya motsa a maƙogwaronta.

"Ja baya," in ji Hafizu, amma a hankali ya faɗa, kuma sai da ya tabbatar ya makara.

Ba yawu ba ne irin na mutane. Kore ne, mai ɗumi, daga can cikin tumbi, da warin da ya haɗa ruɓaɓɓiyar ciyawa da kwatami. Ya same ta daga goshi har ƙirji. Ranar Kabira ta yi wanka uku, ta ƙone ɗankwalin, ta kasa cin abinci. Ta so ta kama hanyar Mansur ko da ƙafa. Amma ta shiga ɗakin da aka yi mata alkawari, ta ga tayil fari a ƙasa, da taga, da ƙofa mai mukulli, da banɗakin da ba kowa a layinsa. Sai ta zauna a bakin gado ta kwance ƙullin kayanta.

Washegari Lujain ta zo da buhunan. Yarinya ce mai kirki, Hausarta dai duk ta sha Larabci.

"Khala, wannan muhimmi ne. Kar ki wanke shi. A kaɗa shi haka, ba'den, daga baya, a wanke zaren da moya, ruwa mai sanyi, shwayya shwayya, a hankali. Kin ji?"

"Na ji, 'yar nan."

Ta ji ɗin kuwa, sarai. Amma da yarinyar ta tafi, ta kwance bakin buhu, sai ƙura ta tashi. Dabbobin nan ba abin da suka fi so kamar birgima a ƙasa. Gashin cike yake da ƙaiƙayi da rairayi da wasu busassun abubuwa da ba ta so ta san asalinsu, kuma ga wannan warin dai, na jiya. Ita Kabira ta sa hannun da take cin tuwo da shi a cikin wannan? Ta kuma tashi ta yi salla da shi a jikin zanenta? Yarinyar da inji ke yi wa wanki ce za ta koya mata abin da ake wankewa da wanda ba a wankewa?

Ta ari babbar tukunyar da Hafizu ke jiƙa wa dawakai sha'ir, ta goge ta sau biyu, ta tafasa ruwa. Ta juye buhu uku a baho, ta zuba omo ba tausayi, ta tuƙa da muciya. Da ya ɗan huce ta naɗe zani ta shiga da ƙafa, tana kirɓawa tana tsaki. Ta ɗauraye da ruwan sanyi, ta sake tafasa wani. Sau bakwai ta yi, kamar abin da kare ya lasa. Buhu na huɗu, na Sukkar, ta ture shi gefe da sanda, ta ce wannan sai ta huta, don shi sau goma sha huɗu yake buƙata.

Da ta shanya, ta tsaya tana sha'awar aikinta. Fes, ba wari. Sai da ya bushe ta je ta tsinko kaɗan ta fara shiɓa, ya ƙi tsinkuwa. Ta ja da hannu biyu. Ta taka da ƙafa ta ja. Gashin buhu uku ya cure, ya haɗe, ya zama wasu faya-fayai uku masu tauri kamar kirgi, ko wuƙa da ƙyar take shigarsu.

Hafizu ya zo ya ɗaga ɗaya, ya juya shi, ya buga a cinya.

"Kai, Katsinawa da hikima. An ce ki yi zare kin yi darduma." Ya saɓa a kafaɗa. "Wanga ya yi daidai da ƙarƙashin sirdi. Dokin nan da baya ke wa ciwo ya gode."

Lujain ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa a gaban faya-fayan tana shafa su, hawaye na zuba. Shekara guda dabbobin suka yi suna tara wannan gashin, kuma sai an sake wata shekarar. Da ma faɗan ta yi, da Kabira ta san abin da za ta mayar.

Majid ya kira ta gefe, ya sunkuyar da kai.

"Khala, ke uwa ce, ba zan ce miki komai ba. Amma ɗakin na mai kaɗi ne. Akwai wata da aka yi mini maganarta. Ranar Juma'a bayan salla zan zo in mai da ke Mansur."

"Akwai buhu ɗaya," in ji Kabira.

"Shi ma za ki dafa?"

"A'a."

Kwana huɗu suka rage. Ta shimfiɗa leda a inuwar ɗakin dawakai, ta ɗaure hanci da mayafi, ta yi bisimilla kamar mai shirin shan maɗaci, ta tura hannu cikin gashin Sukkar. Tsigar jikinta ta tashi har ƙeya. Ta dinga tsince ƙaiƙayi ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ƙaiƙayi ba kuma ta kau da kai ta yar. Ta ƙona ƙashin rago ta daka ta yi alli, ta kafa mazari a tasko, ɗan abin da yake juyawa a ciki, ta murza.

Ya tsinke. Gashi ba auduga ba ne, santsi gare shi, yana zamewa daga yatsu kamar mai jin haushinta. Ta sake, ya sake tsinkewa. Yinin farko abin da ta samu ko abawa ba za a kira shi ba, wani abu ne mai ƙulli-ƙulli kamar hanjin kaza. A yini na biyu ta gane silin gashin ya fi na auduga tsawo, sai ta buɗe tazarar hannunta, ta ƙara murɗi. Mazari ya fara kukan nan nasa da ta shekara talatin ba ta ji ba. Hannu ya tuna abin da ya sani. Har ta fara 'yar waƙa ta hanci, ta ture mayafin don yana hana ta ganin zaren.

Nan fa hannu ya tuna da abin da bai kamata ba. Zare ya tsinke, kuma kamar yadda ta saba tun tana yarinya a ɗakin kakarta, ta kai bakinsa kan harshe ta jiƙa don ta haɗa. Sai da ta haɗa, ta murza, sannan ɗanɗanon ya iso.

Ta miƙe tana kakari, tana tofarwa gabas da yamma. Hafizu na tsefe wa doki geza, ya leƙo.

"Kwana nawa kika yi da su, har kin koyi sana'arsu?"

"Allah Ya haɗa ka da ita ranar da ka sa farar riga, bawan banza."

Ta kuskure baki har dasashi ya yi zafi. Ta tsaya tana kallon hanyar da ta nufi Makka, ta tuna barandar Maryama da kyanwoyi. Ta ɗebo ruwa a ɗan kofi ta ajiye kusa da tasko don jiƙa yatsa, ta koma ta zauna.

Ranar Juma'a Majid ya iso da Lujain, bai ma kashe mota ba. Kabira ta fito da ƙullin kayanta a hannu ɗaya, a ɗayan kuma curi biyar na baƙin zare, ta riƙe su nesa da jikinta kamar mai ɗauke da mushen ɓera. Lujain ta karɓa, ta warware kamu ɗaya, ta ja, bai tsinke ba. Ta ɗaga shi a rana. Siriri ne, sumul, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ta tsoma curi ɗaya a ruwan sanyi, ta matse a hankali, ruwan ya fita ja wur da ƙasa. Sannan, ku ji ƙazanta, ta manna shi a kumatunta ta lumshe ido.

"Baba, taɓa ka ji."

Majid ya taɓa. Ya je ya kashe motar, ya ciro mukulli daga aljihun doguwar rigarsa ya miƙa wa Kabira.

"Mabruk, Khala, barka. Tunda haka ne, zan ƙaro guda shida kafin sanyi."

Kabira ta dubi mukullin, ta dubi dogon ɗakin da mukayyif ke ruri a cikinsa. Ba wanda ya ji ta ce na gode. Ta dai damƙe mukullin, ta ɗaure shi a haɓar zani da ƙulli biyu.

Tana can har yanzu. Alfaka sun zama goma, buhuna sun cika sito, Lujain har mata take kawowa su ga yadda ake kaɗi. Kabira ta ware zani biyu na aiki waɗanda ba sa shiga ɗakinta, da sabulu na musamman, da kofin jiƙa yatsa da ba ya kusantar na shan ruwa. Zaren ta ce ko a likkafani kar a kuskura a sa mata shi. Hanyar sito kuma ta gaban ɗakin dabbobin ta bi, don haka kullum da safe za ka gan ta ta buɗe tsohuwar lemar alhazai, ta karkata ta gefen hagu, tana wucewa da sauri tana zagi. Sukkar na jiranta a bakin ƙofa. Lemar kuwa, lokacin da aka saye ta, fara ce tas.